Taku Sittin Daga Barandata

Ni na fara gani. Kafin masu ɗaukar hoto da waya, kafin 'yan jarida, kafin uwar da ta haife shi. Ni Ozell Pettway ina zaune a barandata da farantin soyayyen kifi a cinya, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, na ga ɗan sanda ya tsayar da motar jikana Lamont a gindin bishiyar kan kwana. Taku sittin ne tsakaninmu. Na auna daga baya.

Shekarata tamanin da ɗaya a garin nan. Na tsinci auduga a gonar farar fata, na yi dako a tashar jirgin ƙasa. 'Yan sanda sun tare ni ya fi sau arba'in, ko mari ba a taɓa yi mini ba. Sa'o'ina masu baki duk suna ƙarƙashin ƙasa, ni ga ni ina cin kifi. Dabara ce, kuma tawa ce: hannu biyu a kan sitiyari, "yallaɓai" a baki, takardun mota kuwa ba a aljihu ba. A ɗaure su da roba a jikin abin tare rana da ke saman gilashi, inda kowa zai ga hannunka.

Ranar da na koya wa Lamont wannan dabara, dariya ya yi.

"Kaka, kai ko a mafarki ka ga ɗan sanda sai ka cire hula."

"Masu yi mini wannan dariyar na binne uku. Ɗaura robar, ɗan nema."

Ya ɗaura. Har ya kai shekara talatin da uku, ya yi aure, ya haifi 'ya, robar tana nan.

Ranar Lahadin nan, ɗan sandan ya sunkuya ya yi magana. Hannun Lamont na hagu yana kan sitiyari. Na dama ya tashi sama a buɗe, yatsu biyar, a hankali, yadda na koya masa. Sai ƙarar bindiga sau huɗu. Farantina ko motsi bai yi ba.

* * *

Ɗan sandan ya ce hannun ƙarƙashin kujera ya nufa. Kyamarar ƙirjinsa wai ba a kunne take ba. Ba a sami ko wuƙar yanka farce a motar ba. Aka tara mutum ashirin da uku su saurari shaida, su ce a gurfanar da shi ko a bari. Shaidar kuwa ni kaɗai ne.

'Yata Vernice, uwar Lamont, ita ta goge mini riga da safiyar ranar ba da shaida.

"Baba, kai kaɗai gare mu. Abin da ka gani kawai za ka faɗa. Ban da labarin auduga."

"Yarinya, ni za ki koya wa magana da manya?"

Na faɗa musu tiryan-tiryan. Hannun hagu, hannun dama, yatsu biyar. Na ga wata mata cikinsu tana gyaɗa kai. Sai lauyan gwamnati, wanda aka ce mana namu ne, ya ja da baya kamar taku biyar ya ɗaga wata takarda.

"Baba Pettway, taku sittin da nisa. Don a kawar da shakka, karanta mana layin farko."

Ina ganin takardar sarai. Ina ganin kowane baƙi da ƙafarsa da wutsiyarsa. Ina ganin ɗigon tawada a bakin hannun rigar lauyan. Amma ni ban taɓa zama a aji ba, lokacin makaranta lokacin auduga ne. Ba wanda ya sani sai matata Odessa, ita kuma ta tafi da shi kabari. A banki, a asibiti, a coci, amsata ɗaya ce shekara sittin. Ita ce ta fito da kanta, ban kira ta ba.

"Ban zo da tabarau ba, yallaɓai."

Matar nan ta daina gyaɗa kai. Ta rubuta wani abu.

* * *

Bayan mako biyu aka ce babu shari'a. Vernice ta zo da jarida ta karanta mini a tsaye: shaida ɗaya tilo ya amsa da bakinsa cewa ba ya gani sai da tabarau.

"Wane tabarau, Baba? Kai da kake zura mini zare a allura?"

Na gaya mata ban iya karatu ba. Ba ta yi kuka ba, ni ma haka. Ta daɗe tana kallon titi.

"To katunan da Lamont yake rubuto maka duk shekara fa?"

"Suna cikin gwangwanin biskit. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Ta ninke jaridar, ta shiga ta wanke mini kwanuka, ta tafi. Tana zuwa har yanzu, tana kawo burodin masara. Ba ta ƙara zama ba.

Na koma wajen lauyan na ce a sake kirana in faɗi gaskiyar tabarau. Ya ce an rufe magana.

Ɗan sandan ya koma aiki. Shekaranjiya ya wuce ta kwanar a hankali, ya ɗaga mini hannu. Kafin in ankara hannuna ya kai bakin hula.

Yanzu mutanen unguwa suna ta raɗa, wai idon tsoho ya mutu shi ya sa jinin Lamont ya tafi a banza. To wanda ya ce haka ya zo. Ya je gindin bishiyar nan, inda furannin da aka ajiye suka bushe, ya ɗaga hannu. In ban faɗa masa yatsu nawa ya ɗaga ba, da wanda yake da zobe, ya tsinka mini marin da ɗan sanda bai taɓa samun yi mini ba. Kullum ina baranda. Har yau ba wanda ya zo ya tsaya.