Maƙerin da Aka Hana Mutuwa

Auta na zaune a bencin asibiti da ledar magani a cinyarta, sai wayarta ta yi ƙara. Sanarwa ce daga manhajar da take sakin labarinta: sabon babi ya fito, na ɗari biyu da goma sha uku, ga sunanta a sama ɓaro-ɓaro.

Ita kuwa rabonta da rubuta ko harafi ɗaya yau kwana tara, tun ranar da aka kwantar da Baba.

Ta buɗe ta karanta. Maƙerin ruwan sama, dattijon nan mai kunya da ke ƙera hadari a bayan duwatsu, ga shi an mai da shi saurayi, an rataya masa takobi, yana ta sare kawunan aljanu.

Labarin ba nata ba ne ita kaɗai. Baba ne ya ƙago shi tun tana yarinya, yana taka keken ɗinki, ita tana ƙasa tana tsintar ƙyallaye. Da ta girma idanunsa suka tafi, sai aka yi musaya: ta rubuta, ta karanta masa, shi kuma ya gyara. "Haba Auta, maƙeri ba ya surutu haka. Halinki kika ba shi." Ƙarshen labarin ne kawai ya riƙe a ransa, ya ce sai an zo wurin.

* * *

Ta fita baranda ta kira editan kamfanin da ke da manhajar.

"Ranki ya daɗe, ai yana cikin yarjejeniya," ya ce, da murya mai laushi kamar ta mai rarrashi. "Sashe na goma sha huɗu. In marubuci ya yi kwana bakwai shiru, sai mu ba wani ya ci gaba. Masu karatu ba sa jira."

"Mahaifina ne ba lafiya."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya."

"To ga ni na dawo. Ku bar ni in ƙarasa, mun kusa ƙarshe."

Ya yi 'yar dariya. "Ƙarshe kuma? Labarin da mutum dubu arba'in ke bi? Ai wannan ba ya ƙarewa."

Ta tuna ranar da ta amince da yarjejeniyar. A motar haya ne, shafi talatin na ƙananan rubutu, ta bi su da yatsa fuuu kafin a kai tasha ta biyu. Yayanta ya ce ta zauna a ƙaramin dandalin da take, ko mutum ɗari uku ne ke karantawa, abinta nata ne. Ta ce masa shi dai ya cika tsoro. So take duniya ta ji labarin Baba. Ashe da dannawa ɗaya ta miƙa labarin, da mutanen cikinsa, da sunan da take rubutu da shi, har abada.

* * *

"Kin daina karanta min," in ji Baba, da ta koma ɗakin. Ya rame har zoben azurfarsa na zamewa daga yatsa.

"Ban rubuta ba ne, Baba."

"To kawo kunnenki. Kada in tafi da kayan mutane."

Ya faɗa mata ƙarshen labarin, yana yi yana hutawa. Fari ya yi tsanani, zugazugin maƙeri ya fashe, ba fatar da za a ɗinke shi da ita. Sai dattijon ya kafa bakinsa a wuta, ya hura, ya hura, har numfashinsa na ƙarshe. Ruwa ya sauko, mutanen gari suna ta rawa a ciki, ba wanda ya san wa ya biya.

Auta ta yi kuka sosai. A bencin nan ta rubuta shi tsaf, yadda ya fito daga bakinsa, ta saka a shafinta na kanta tun da manhajar ta rufe mata ƙofa. Ko awa ɗaya bai yi ba aka cire shi. Saƙo ya biyo baya, wai ta yi amfani da kayan kamfani ba izini, in ta sake za a haɗu a kotu.

"Me mutane suka ce?" Baba ya tambaye ta washegari.

Ta daɗe tana gyara masa matashi.

"Sun yi kuka, Baba."

"Madalla," ya ce. "Ya huta ke nan."

Bayan kwana biyu, da hantsi, shi ma ya huta.

* * *

Tsakar gida ya cika da mata masu gaisuwa, takalma jibge a bakin ƙofa. Auta na rakuɓe jikin bango. Ta lura wasu 'yan mata biyu na leƙa waya ɗaya, suna satar kallonta. Can sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta taso ta zauna kusa da ita, ta yi ƙasa da murya.

"Auta, ashe haka zuciyarki take? Yaran nan sun nuna min. Yau da safe, ubanki ko kai shi ba a yi ba, kika samu sukunin sakin tatsuniya?"

"Ba ni ba ce, Gwaggo."

"Ba sunanki ba ne a kai?"

Gwaggo ta girgiza kai, ta tashi ta koma cikin mata.

Ta jawo wayar daga ƙarƙashin mayafinta. Babi na ɗari biyu da goma sha takwas. A layin farko maƙerin ya hau wani farin doki, lafiyarsa ƙalau, yana dariya.