Tumbin Muntari da Harshensa

Ƙanena Muntari dillalin tattasai ne a kasuwar Diffa, kuma jarinsa kaf harshensa ne. Duk wanda ya taso daga Najeriya zai sayi busasshen tattasan bakin kogin Komadugu, shi yake nema. Sauran dillalai da ido suke duba buhu. Muntari kuwa hannu zai zura can ƙasa, ya zaro ɗaya, ya gatsa, ya lumshe ido, ya ce wannan na wajen Gaskeru ne, a kan yashi aka shanya shi, ko kuma ya tofar ya ce ruwa ya taɓa wannan, kada a saya. Ni Hawa, yayarsa, bandar kifi nake sayarwa a bakin layinsu, da idona nake ganin manyan alhazai sun yi cirko-cirko suna jiran abin da zai fito daga bakin wannan ɗan firit.

Ramar nan kuwa ita ce ciwon ransa. Wai wani baƙo ya taɓa miƙa masa buta ya ɗebo ruwa, ya ɗauka yaron rumfa ne. Shi ke nan fa, aka shiga uku.

"Ya Hawa, dillali babu tumbi ai wasa ne," in ji shi. "Dubi Bukar. Bai san tattasai da tumatir ba, amma in ya zauna sai ka rantse kasuwar tasa ce."

"To ka ci tuwo mana."

"Tuwo ba ya kama ni."

Sai ya tafi wajen Haladu mai teburin magani, aka ƙulle masa ƴan ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda masu kiwo ke ɗura wa ragon layya. Wallahi sun yi aiki. Kafin ruwan kogi ya janye, kumatun Muntari sun yi suntum kamar fanke, ciki ya turo gaba, ya ɗinka sabbin riguna, har tafiya ya canja. In zai tashi sai ya yi nishi da gangan don a ji.

Ana nan sai na ga ya daina taɓa yajin kifina, shi da ke lashe har takardar da na zuba masa. Na tsare shi na ce buɗe bakinka. Subhanallahi! Harshe da dasashi duk sun yi fari fat kamar an shafa kindirmo, in ya goge sai jini. Na ja shi likita yana turjewa.

Lokotoro Zulaihat muka tarar, mace mai magana a hankali wadda ba ta maimaitawa. Ta haska bakinsa, ta dubi kumatun, ta dubi cikin, ta ce, "Malam Muntari, wace ƙwaya kake sha?"

"Ni? Hutu ne kawai, lokotoro."

"Ta raguna yake sha," na ce.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Wannan farin abu fumfuna ce, irin wadda ke zaune a bakin kowa ba ta yin komai, domin akwai fararen ƙwayoyin jini da ke gadinta kamar sojoji, da ta ɗaga kai su cinye ta. Ƙwayar ƙibar nan barci take sa sojojin. "Zan rubuta maka magani," ta ce, "amma ka ji da kyau. Shi ɗaure fumfunar yake yi ta daina yaɗuwa, ba shi zai share ta ba. Sharewar aikin sojojinka ne. In suna barci, da maganin ya ƙare za ta dawo, har ta gangara maƙogwaro. Kuma ba a yanke ƙwayar ƙibar lokaci guda, ka riƙa zuwa muna rage ta sannu a hankali."

"Tumbin fa?" Abin da ya tambaya ke nan. Tumbin fa!

"Zai sauka. Dama yawancinsa kumburi ne."

Muna fitowa ya ce da ni wannan lokotoro ba ta san kasuwa ba. In dai barci ne matsalar sojoji, ai da sauƙi. Ya sayi maganin fumfunar a farmasi, ya ci gaba da ƙwayar Haladu, ya ɗora da shayi mai ɗaci da goro, wai yana tashin sojoji. Da farin ya ɗan ragu sai ya zo gaban kifina ya zaro mini harshe a tsakiyar kasuwa, ƙato da shi. Da farin ya dawo ya fi na da, sai ya ninka maganin da kansa. Likita kuwa ko hanyar bai sake bi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da girman iyayenmu da ke kabari. Ya shafa ciki ya ce mata ba su gane harkar maza ba.

Shekarar nan Komadugu ta yi ambaliya, ta shiga gonaki da wuraren shanya. Tattasai da yawa ya jiƙe ya yi fumfuna, wasu marasa tsoron Allah suka sake shanya shi, suka murje shi da mai ya yi ja yana ƙyalli. Ido ba ya kama wannan, sai harshe. A daidai lokacin ne Alhaji Tahir Nasidi ya iso da babbar motarsa kamyo, mutumin da tun Muntari yana ɗan firit ba ya sayen ko mudu sai shi Muntarin ya ce to.

Ina zaune ina kallo. Aka kwance bakin buhu. Muntari ya zura hannu da ƙyar, cikin ya tokare shi. Ya zaro, ya juya baya kaɗan don kada a ga bakinsa, ya gatsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa don raɗaɗi. Na san ba ya jin komai sai zafi, ko tsumma ka ba shi haka zai tauna. A raina ina cewa, Muntari, ka ce ba ka da lafiya, ka ce a jira. Ina! Ya gyara riga, ya yi nishin nan nasa.

"Zaƙi kamar dabino, Alhaji. A loda."

Alhaji Tahir ya daɗe yana kallonsa, yana kallon farin da ya taru a gefen leɓensa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sa hannu a buhun da kansa, ya gatsa. Nan take ya tofar, ya nemi buta ya kurkure baki. 

"Muntari," ya ce, ko murya bai ɗaga ba, "da kake kamar sillen kara ban taɓa ɗanɗanawa a bayanka ba. Harshe nake tahowa nema tun daga Maiduguri. Tumbi ai ina da nawa."

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Baƙi suka koma wajen Bukar, tun da in tumbi ne nasa ya fi girma, kuma shi bai taɓa cewa ya iya ɗanɗano ba.

Washegari da kansa ya ce in raka shi wajen lokotoro. Ba ta ce masa na faɗa maka ba, ni na faɗa a madadinta, har muka dawo gida ina faɗa. Yanzu ana rage masa ƙwayar, cikin yana saɓulewa, rigunan sun yi masa yawa. Ta ce farin zai tafi in sojojin sun farfaɗo, ɗanɗanon ma ana sa rai. Alhazan ne ba ta ce za su dawo ba. Yana wuni a rumfata yana korar mini ƙuda.

Jiya na yi miyar kifi da tattasan da na zaɓa da hannuna, na zuba masa. Ya kai loma, ya lumshe ido yadda ya saba, ya daɗe a haka. Ina jira in ji sunan gari. Sai ya buɗe ido ya dube ni.

"Ya Hawa, kin sa gishiri kuwa?"

Na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar kullum, sai na fasa. Na miƙa masa gishirin na tashi na shiga ɗaki.