Madubin Shagon Baba Tela

Allah cikin hikimarsa Ya ɗora nauyin ɗan Adam a kan tafin ƙafa biyu, amma kaɗan ne daga bayinsa ke sunkuyawa su dube su. Auta na cikin kaɗan ɗin. Shekara uku ta yi tana koyon aikin kula da lafiyar ƙafa a asibitin koyarwa, kuma cikin shekarun nan mahaifinta, wanda unguwa ke kira Baba Tela, bai fasa yi mata ba'a ba.

"'Ya'yan mutane na duba zuciya da ido," yakan ce, "tawa ta zaɓi kaushi da farce."

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa. An koya mata cewa ciwon yakan kashe jin ƙafa sannu a hankali, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, rauni ya ruɓe, a ƙarshe a yanke ƙafar. Da ƙafar dama kuwa Baba ke taka keken ɗinkinsa. Saboda haka ranar da ta ga ɗigon jini a matakin keken, sai ta koma gida ta ɗauko jakar aikinta.

"Baba, a taimaka a cire takalmi."

"Ikon Allah! Yau ni ne abin gwajin 'yan makaranta?"

"Minti biyar kawai. In ƙafar na ji, ba zan ƙara tayar da zancen ba."

Ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa bisa kujera. A ƙarƙashin babban yatsa akwai kaushi mai kauri da ɗan baƙin tabo a tsakiyarsa. Ya ce ƙarzuwa ce kawai. Ta fito da wani siririn zare na roba, mai tauri kamar gashin wutsiyar doki, ta yi masa bayani: zai rufe ido, za ta riƙa taɓa tafin ƙafar, duk inda ya ji sai ya faɗa.

Sau goma ta taɓa, sau goma ya ce, "Na ji."

"To, likitar kaushi, na ci jarrabawa ko da saura?"

Zuciyarta ta so ta yarda, amma ilminta ya ƙi. Ta ɗaga kai, sai ta lura idanunsa ba su rufe ruf ba, kuma fuskarsa na wajen dogon madubin da masu ɗinki ke duba kayansu. Ashe hannunta yake kallo a ciki. Ta miƙe, ta ɗauki wani yadi ta lulluɓe madubin.

"Mu sake, Baba."

Wannan karon ta ajiye hannunta a cinya, ba ta taɓa shi ba.

"Na ji," in ji Baba. Can ya ƙara, "Na ji."

"Baba, buɗe ido."

Ya ga zaren kwance a cinyarta. Ya mai da kallonsa ga kekensa.

"Astagfirullah. Ya kusa shekara, Auta, kamar a kan auduga nake tafiya. Na ji tsoron a ce in bar keken nan."

"Za a bar shi, Baba. Amma gara makonni da har abada. Jiki amana ne, daga bakinka na fara jin haka."

Ta sa safar hannu, ta yi bismillah, ta shiga fere kaushin da ƙaramar wuƙarta a hankali. A ƙarƙashinsa ta zaro guntun allurar keke, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya yi salati. Ta wanke raunin, ta ɗaure, ta ce gobe da safe za ta kai shi wurin malamarta a asibiti, kuma ba shawara take nema ba.

Daga nan ta yaye yadin, ta sauke madubin, ta jingina shi a kwance kusa da ƙasa.

"Tunda an iya leƙe, a riƙa leƙa tafin ƙafa a nan kullum bayan alwala, har tsakanin yatsu."

Baba ya juya guntun allurar a hannunsa, ya miƙa hannu ya jawo murfin keken ya rufe da kansa.

"Ƙarfe nawa za mu fita, likita?"