Shimfiɗar Nu'uman a Bakin Tanti

"Umma, in na yi fitsarin kwance a tanti, kowa zai sani?"

Ɗana Nu'uman ne ya tambaye ni, ana gobe 'yan sikawut za su kwana a filin makarantarsu, nan cikin Kwantagora. Shekarunsa takwas, abin kuma yana samunsa jefi-jefi.

Na ja shugabansu, Malam Shaba, gefe na faɗa masa. Ya ce zai shimfiɗa masa a bakin tanti don ya samu saurin fita fitsari, kuma zai hana dukkan yaran shan kunu bayan magariba, don kada a gane saboda wa aka yi.

Da safe bayan sun kwana, Nu'uman ya dawo yana tsalle, tabarmarsa a bushe.

'Yar'uwa, in naki ma haka yake, kada ki kuskura ki faɗa a gaban abokansa.