Gurbin Taga

Autarmu 'yar magini ce, kuma gado ya yi mata yawa. Tun muna yara Baba ke cewa ba a ɗora bulo na biyu sai na farko ya zauna daram. Mu dai ta kunnen hagu ya fice mana. Ita kuwa ta kwashe shi ɗungurungum ta kai ɗakin jarrabawa.

Sau biyu tana zama jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sau biyu ana cewa a ajiye biro tana tsakiyar takarda. Abin haushin, duk abin da ta amsa daidai ne. Makarantar kuwa ba ta ba mutum dama ta huɗu.

Ni na ɗauki nauyin horar da ita a teburin falo, da agogon wayata. Na ce a sashen karatu ta fara duba tambayoyi kafin ta shiga labarin. A na kimiyya ta nufi jadawali kai tsaye, dogon bayanin ya jira. Duk ta ɗauka. Amma in ce ta tsallake tambaya mai wuya? Ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za ta yi ba.

Wata Asabar ta cije a kan wata tambaya mai zanen zafin ruwa, tana ta tauna murfin biro.

"Ke Auta, wuce ta mana! Aurenta za ki yi?"

"Yaya, in na bar ta raina ba zai kwanta ba."

Agogo ya yi ƙara, sai ta kife kai ta fashe da kuka. Raina ya ɓaci, amma tausayinta ya fi yawa.

Baba na bakin ƙofa yana kankare siminti daga takalminsa. Ya tambayi abin da ya faru, na zayyana masa.

"Baba, ba ku ne kuka ce sai na farko ya zauna ba?" in ji ta, tana jan hanci.

Sai ya ce ta ɗauko mayafinta.

Wurin aikinsa ya kai mu, wani gida da ya kai linta. Ya nuna mata wani wagegen rami a bango.

"Mene ne wannan?"

"Taga."

"Ina tagar? Tana wurin mai walda, yau da gobe yake mini tun watan jiya. Da na zauna jiransa, da damina ta same mu ba rufi. Gurbinta ake bari, a ci gaba da gini. In ta zo a sa."

Ta daɗe tana kallon ramin. Daga ranar, in tambaya ta gagare ta, sai ta zana ɗan murabba'i a gefe ta wuce, tana ɓata fuska kamar mai shan magani.

Ranar jarrabawa ni da Baba muka jira ta a gindin katanga. Ta fito da gudu.

"Na kai ƙarshe! Tagogi huɗu na bari, na dawo na sa uku." Sai ta yi ƙasa da murya. "Ɗaya dai a buɗe na baro ta."

Baba ya juya yana goge ido da gefen hularsa.

"Bar ta haka, Auta. Ɗaki ma yana son iska."