Haƙorin Makkan Alhaji Inuwa

Saura kwana goma sha tara Alhaji Inuwa ya bar Riyad baki ɗaya, haƙorin Makkansa ya ga dama ya tayar masa da hankali.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana jan motar kayan gwari daga kasuwar Aziziya zuwa gidajen abinci. Ya yi kafili uku, wato iyayen gida masu tsaya masa a takarda, ya yi furfura, bayansa ya sage. Abin da zai nuna wa mutanen Funtuwa ba tare da ya buɗe jaka ba shi ne wannan haƙori na zinare, a sama ta hagu. Shekarar da ya sauke farali aka saka masa shi, a wani shago mai faɗin tabarma biyu. Mai shagon ya goge masa lafiyayyen haƙori da magagari, ya kifa masa hular zinare, ya ce mabruk, wato barka. Tun daga ranar dariyar Alhaji ta karkata hagu.

Yanzu kuncin ne ya karkata. Ya kumbura kamar an ɓoye goro a ciki. Alhaji ya gwada kanumfari, ya gwada ruwan gishiri, ya haɗiyi ƙwayoyin da wani direba ya rantse da su. Da safiyar kwana na huɗu matarsa Ikilima ta ajiye masa koko, ya kasa kurɓa.

"Alhaji, ka je asibiti."

"Ke, ni da asuwaki ba ya barin aljihuna? Sau biyar a rana! Wane Balarabe ne ya fi ni tsabtar baki?"

"Ai ba gasa ake ba. Saƙo nawa asibitin nan suka turo maka ka zo a duba? Duk wata shida sai wayarka ta yi ƙara, ka goge."

"Mai lafiya ne ke zuwa asibiti? Neman suna!"

"To ga shi ka samu sunan," in ji ta, ta ɗauke kokonta.

Ya je, don dai ya ƙaryata ta. Katin inshorar da kamfani ke sabunta masa tare da iƙama, takardar izinin zama, yana cikin walat, sabo fil, har ledarsa ba a ɓare ba. A ɗakin jira ya zauna yana hararar kowa: Bafilipinen da ke karɓar kati, hoton wani ƙaton haƙori mai murmushi a bango, da wani mutum da ya zo lafiyarsa lau, wai wanke baki kawai.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Dakta Muhibba, 'yar Hausawa haifaffiyar Riyad, Hausarta na tafiya tana dogara Larabci. Wannan ma ya ba shi haushi.

"Baba, yaushe rabonka da likitan haƙori?"

"Ba ni da rabo da shi, 'yata. Ban taɓa ciwo ba."

"Tayyib. Buɗe."

Ta leƙa, ta ƙwanƙwasa zinaren da wani ɗan ƙarfe. Alhaji ya kusa tashi sama da kujerar. Aka ɗauki hoto, ta juyo masa da allon kwamfuta. Shi dai ya ga fari da baƙi. Ta ɗora biro a kan wani baƙin tabo.

"Ka ga nan? Hular ba ta zauna daidai a kan dasashi ba. Abinci na shiga ƙarƙashi, asuwaki ba ya kai wa can. Haƙorin ya ruɓe a ciki, ya cinye har saiwa, ga mugunya ta taru. Ya shafi na kusa da shi ma."

"Amma dubi yadda yake walƙiya!"

"Zinaren ne ke walƙiya, Baba. Shi ba ya ruɓewa."

"To ki wanke, ki cike, ki mayar min da abuna."

"Babu abin da zan mayar a kai. Sai cirewa. Na kusan ne zan iya ceto."

Nan Alhaji ya miƙe zaune, ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya yana reto. Ya ce ba a haifi mai cire masa haƙorin Makka ba. Ya ce saura kwana goma sha biyar ya koma gida, tsohuwarsa na jiransa, kuma duk hoton da ya tura mata shekara goma sha biyu da wannan haƙori ta gan shi. Ya tsine wa mai shagon can, inda duk yake. Ya zagi kamfani da bai taɓa ce masa katin nan na haƙori ma yana yi ba. Ya haɗa da dabino, da shayin Larabawa mai sukari kamar zuma, da 'yan zamani da aka ba farar riga suka raina manya.

Ta bar shi har ya sauke numfashi.

"Da ka zo shekara uku da suka wuce, minti goma, hoto ɗaya, da na gani. In cire hular, in gyara, in yi maka wadda ta zauna daidai. Da zinarenka za ka koma."

"To a dasa min wani! Na ji ana yi."

"Ana yi. Sai wurin ya warke, sannan a kafa, a jira ƙashi ya kama. Wata huɗu, ko fiye. Kai kana da kwana goma sha biyar."

Ya nemi wanda zai ƙara zagi, ya duba ɗakin kaf. Daga likitar sai ma'aikaciyarta sai shi. Ya koma ya kwanta, ya buɗe baki.

Bayan kwana uku da shan magani, kumburin ya saɓe, aka cire. Ba a sha wahala ba, wanda hakan ma cin fuska ne: abin da ya yi shekara goma sha biyu yana taƙama da shi ya fito gutsure uku, baƙi ƙirin kamar gawayi. Hular kuwa ta wanke masa ita, ta saka a 'yar ambulan. Ba ta fi ɓawon gyaɗa nauyi ba.

A mota ya karkato madubi, ya yi dariya irin wadda ya saba. Giɓi ya gaishe shi. Ya gwada ta dama, ta ƙi zama. Wani ya danna masa ham daga baya, ya leƙa ta taga ya zazzaga masa da Hausa da Larabci har auduga ta faɗo daga bakinsa.

Ranar da suke ɗaure kaya wayarsa ta yi ƙara. Asibitin ne, suna farin cikin tuna masa da ranar dubawa ta gaba, nan da wata shida. Ikilima na tsugune kan jaka tana jan zif, ta ɗago.

Yatsansa ya tsaya a kan wurin gogewa. Harshensa ya je ya taɓa giɓin, ya zarce kan na kusa da shi, wanda yarinyar ta ceto.

"Ki kira ƙaninki," ya ce, ta gefen baki. "Ki tambaye shi ko akwai likitan haƙori na kirki a Funtuwa, ko sai Zariya."

"Mai lafiya ne ke zuwa asibiti, Alhaji?"

"Ke, ki ja zif ɗinki!"

Ya cusa ambulan ɗin can ƙasan jaka, ƙarƙashin dabinon tsaraba.