Abin da Keke na Uku Ya Ce

Inna Harira ta fito daga zauren mai unguwa da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, don fushi bai bar ta ta tsaya sakawa ba. Haƙuri. Abin da aka ba ta ke nan. A sare wa mutum mangwaro mai shekara talatin da huɗu, sannan a ce masa ai maƙwabci ɗan'uwa ne.

Marigayi mijinta ne ya dasa shi a gidansu na Unguwar Dosa, shekarar da suka tare. Shi kuwa Alhaji Abdulƙadir bara waccan ya zo ya tsira bene a jikin katangarta, ya shiga ƙorafin ganye na zuba kan motocinsa, jemagu na ɓata masa fenti. Jiya tana asibiti wajen awon jini ya turo masu injin sare itace suka haura katanga. Ta dawo ta tarar da kututture da tulin rassa. Gaban mai unguwa cewa ya yi rassa kawai ya ce a rage, ma'aikata ne suka zarce. Ko kallonta bai yi ba, waya yake dannawa.

Asabe, ƙawarta tun suna amare, ta biyo ta tana haki, ta zaunar da ita kan benci a bakin titi. Ta san abin da ke ran Harira. Shekara biyu ke nan da ta daina dafa daddawa a gida, don matar Alhaji ta roƙe ta saboda wari. Yanzu tun safe take ambaton tukwanenta, ga shi jibi Asabar Alhaji zai tara manyan mutane walimar dawowarsa daga Umara.

"Yaya, kafin ki yi abin da za a yi ta magana, mu tambayi Keke."

Wasansu ne na shekaru. In sun rasa zanin da za su ɗaura zuwa biki, ko za a je Kasuwar Kawo yau ko a bari sai Talata, sai su ƙirga Keke Napep uku, abin da aka rubuta a bayan na ukun shi ne amsa. Asabe ce mai karantawa, ita ta yi yaƙi da jahilci. Kullum sai ta fara da cewa ba duba ba ne, wasa ne, Allah ne masani. Sau tari dariya suke ƙarewa da ita, kamar ranar da suka tambaya kan ciwon gwiwa Keke ya ce musu tsufa ba ya jin magani.

Yau Harira ba ta yi dariya ba. Ta ce a ƙirga.

Na farko ya wuce da ɗaliban Islamiyya. Na biyu da buhunan gawayi. Na uku ya taho a hankali, ya ci birki a kan tudun titi, har suka ga bayansa tas. Asabe ta ƙanƙance ido, leɓenta ya motsa.

"Ya ce, mahaƙurci mawadaci."

Harira ta juyo ta dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Asabe, ban yi boko ba, amma ban makance ba. Rubutu layi biyu cike da bayan Keke, ki karanto mini kalma biyu? Kuma wannan Keken Sharhabil ne, mai hoton zakara. Shi ke ɗauko mini kalwa da. Da bakinsa ya faɗa mini abin da ya sa aka rubuta. Faɗi gaskiya, ko ni in faɗa."

Asabe ta sunkuyar da kai, ta ce abin da aka rubuta shi ne, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ta ƙara da cewa ai wasa ne, ba dole a bi ba.

"Da ya ce haƙuri, da kin ce dole ne."

Ta saka ɗayan takalmin, ta ɗaga hannu ta tsayar da Sharhabil da ya juyo. Kalwa tiya shida ta ce ya kawo mata kafin la'asar.

Ranar Asabar tun hantsi ta kafa murhu uku a gindin katanga, daidai inda inuwar mangwaron take a da. Ba ta sayi itace ba. Ɗanyun rassan da aka bar mata ta tura, suka kama da ƙyar suna tsiyayar ruwa, hayaƙi ya tashi fari mai kauri, da warin kalwa a cikinsa. A da ganye ke tare shi. Yau ba abin da ya tare shi, ya miƙe sak ya sauka kan rumfunan da aka kafa wa baƙi.

Ba a jima ba ta fara jin tari daga can, da ƙarar jan kujeru. Sai aka yi sallama a ƙofa. Alhaji ne da kansa, cikin farar babbar riga, idanu jajur, ba waya a hannu.

"Hajiya, don Allah, albarkacin maƙwabtaka."

Harira ta ƙara tura reshe ɗaya cikin wuta, ta gyara zama a kan kututturen.

"Alhaji, sai haƙuri," ta ce.